Bugatti Royale: Motar Sarakuna a Hannun Masaƙa

A birnin Mulhouse da ke gabashin Faransa, dab da iyakar Jamus da Suwizalan, akwai wata tsohuwar masaƙar ulu wadda yau ko silin zare babu a cikinta. Motoci ne fiye da 400 jere reras a wani makeken zaure, tun daga na ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa na tseren zamani. Nan ne Gidan Tarihin Motoci na Ƙasar Faransa. A sashen da aka keɓe wa motocin alfarma akwai wata doguwar limozin mai duhun fenti, ƙirar Bugatti, wadda aka gama haɗawa a 1933, lambar shasinta 41131. Masu ziyara sun fi cincirindo gaban 'yar'uwarta Coupé Napoléon, motar da mai kamfanin ya riƙe wa kansa, saboda ita ce mai ƙyale-ƙyale. Wannan kuwa ba ruwanta da kwalliya. Bodinta a miƙe yake, rufinta dogo, irin na dattijon Baturen Ingila da ba ya son hularsa ta taɓa sama. Amma ita ta fi jan hankalina, domin ita ta sha yawo, ta ratsa hannuwa, ta ƙetare teku, kafin ta faɗa tsakiyar wata rigimar ma'aikata da ta girgiza Faransa.

An haifi Ettore Bugatti a Milan ta Italiya a 1881, a gidan masu aikin hannu. Mahaifinsa Carlo gwanin ƙera kujeru da kayan ɗaki ne, ƙanensa Rembrandt kuma ya yi suna wajen sassaƙa siffofin dabbobi. A 1909 Ettore ya kafa masana'antarsa a Molsheim cikin yankin Alsace, wanda a lokacin yake hannun Jamus, sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma Faransa. Ƙananan motocin tsere ne suka ɗaukaka sunansa, musamman Type 35 da ta yi ta lashe gasa a shekarun 1920. Shi kuwa burinsa ya wuce nan. So yake ya ƙera motar da za ta shafe Rolls-Royce, wadda ba mai hawanta sai mai sarauta. Ya sa mata suna Royale, ya ƙudurta ƙera guda 25.

Girmanta sai wanda ya gani. Tsawonta ya haura mita 6, tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 4.3, nauyinta kuma ya zarce tan 3. Injin mai silinda takwas ne a jere, lita 12.7, wato kowace silinda ɗaya ta kai lita 1.6, daidai da injin ƙaramar mota sukutum. Asalin zanen injin na jirgin sama ne da aka tsara wa gwamnatin Faransa, aikin bai yiwu ba, Ettore ya juya shi zuwa mota. Giya uku kacal gare ta, don ƙarfin injin ya sa ba ta bukatar fiye da haka. Birkinta na waya ne, ba mai ba iska, ƙarfin ƙafar direba kaɗai ke tsayar da tan uku. Kanikawa kuwa sun sha wuya da ita, domin kan injin a haɗe yake da bulok, ba ya kwancewa. In za a wasa bawul, aikin da injinan wancan zamani ke bukata a kai a kai, sai an sauke injin gaba ɗaya an warware shi. A kan murfin lagireto akwai 'yar giwa tsaye da ƙafafun baya, ta ɗaga hanci sama. Sassaƙar Rembrandt ce, wanda ya rasu tun 1916, wansa ya ɗora ta a goshin motar don tunawa da shi.

Shasi da inji kaɗai kamfanin ke sayarwa, a kan kusan dala 30,000, a zamanin da sabuwar Ford ta talakawa ba ta wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Wanda ya saya shi zai nemi masu ƙera bodi su gina masa irin wanda ransa ke so, ya sake biya. Ana ba da labarin cewa Sarki Zog na Albaniya ya nemi saye Ettore ya hana shi, wai don bai iya cin abinci cikin mutane ba. Ko gaskiya ne ko ƙari, labarin ya dace da halin mutumin.

Sai dai ƙaddara ta riga fata. Kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a 1929, tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Sarki Alfonso na 13 na Sifen, wanda ake sa ran zai buɗe ciniki, ya bar gadon sarauta ya tafi gudun hijira a 1931. Guda shida aka iya kammalawa, uku kaɗai aka sayar, kuma cikin masu sayen babu sarki ko ɗaya. Na farko Armand Esders ne, attajirin tufafi na Paris, wanda ya ce kada a sa masa fitilun gaba don shi ba ya tuƙi da dare. Na biyu wani likitan mata ne Bajamushe, Josef Fuchs. Na uku shi ne mai limozin ɗinmu, Kyaftin Cuthbert Foster na Ingila, wanda ya gaji dukiya ta wajen mahaifiyarsa Ba'amurkiya.

Abin da ya ceci kamfanin daga wannan asara ya zo ta inda ba a zata ba. Injinan da suka yi kwantai Ettore ya ɗora su a kan wasu taragu masu tuƙa kansu, kowanne da inji biyu ko huɗu, hukumar jiragen ƙasa ta Faransa ta karɓa daga 1933. Ɗaya daga cikinsu ya yi gudun kilomita 196 a awa, kuma sun ci gaba da jigilar fasinja har 1958. Injin da aka tanadar wa sarakuna ya ƙare yana ɗaukar duk mai kuɗin tikiti. Ɗaya daga cikin taragun yana nan a gidan tarihin jiragen ƙasa, shi ma a Mulhouse.

Foster ya kai shasinsa wajen Park Ward, masu ƙera bodi da ke Willesden a arewacin Landan, waɗanda suka saba da aikin Rolls-Royce da Bentley. Limozin ya nema, wato rufaffiyar mota mai ƙofa huɗu wadda direba ke gaba, maigida na baya a nasa ɗakin. Ya kuma ce a kwaikwayi wata Daimler ƙirar 1921 da ya taɓa mallaka. Mutum ya sayi inji mafi ƙasaita a duniya, ya sa aka ɗinka masa rigar da ta tsufa da shekara goma sha biyu! Masu sharhin motoci sun daɗe suna yi mata kallon marar fasali cikin 'yan'uwanta. Ni ban ga haka ba. Sauran an yi su ne don a kalla, wannan an yi ta don a zauna a ciki a yi tafiya, kuma ita kaɗai ce cikin ukun da aka sayar ta nuna yadda attajirin gaske na wancan lokaci yake son motarsa: babba, shiru, ba ta kiran ido.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu irin waɗannan motoci suka zama kaya. Man fetur a kan rabo ake sayar da shi, ga su da zuƙa. A 1946 wani dillalin Bugatti a Landan, Jack Lemon Burton, ya sayi limozin ɗin a kan 'yan ɗaruruwan fam. Tayoyinta masu inci 24 sun ƙare, babu mai yin irinsu, dole ya nemo na igwar soja ya ɗaura mata, har sai da aka taɓa murafun tayoyin kafin su zauna. A 1956 ta haye zuwa Amurka, hannun John Shakespeare na jihar Illinois, ɗan gidan masu kamfanin kayan kamun kifi, wanda ya tara Bugatti har 30.

'Yan'uwanta ma ba su ji daɗin wannan zamani ba. Biyu daga cikin waɗanda ba a sayar ba, iyalan Bugatti sun ɓoye su bayan katanga a gidansu na Ermenonville don kada sojojin Jamus su kwashe, sannan a 1950 suka sayar wa Ba'amurke Briggs Cunningham a kan kuɗi kaɗan haɗe da firji, kayan da ke wuyar samu a Faransa a lokacin. Ta likita Fuchs ta fi kowacce shan wuya. Ya tafi da ita Amurka, wani hunturu ruwan injin ya daskare ya tsaga bulok, ta ƙare a wajen 'yan gwangwan a New York. Charles Chayne, babban injiniyan Buick, shi ya tsamo ta a shekarun 1940 ya tayar da ita. Sai dai gyaran nasa na injiniya ne mai son ya hau ya tuƙa: ya cire kafireto ɗaya ya sa huɗu, ya mayar da birkin waya na mai, ya sauya fentin daga baƙi zuwa fari. Daga baya ya ba da ita kyauta ga gidan tarihin Henry Ford da ke Dearborn. Masu adana kayan tarihi na yau ba za su yarda da irin wannan ba, domin a wurinsu duk ƙusar da aka sauya shaida ce aka goge. Suna da gaskiya. Amma ba don Chayne ba, da tuni an narkar da ita, kuma ba na jin wanda ya zo bayan an kashe gobara yana da bakin ƙorafin cewa ruwa ya jiƙa tabarma.

Mu koma Alsace. Hans da Fritz Schlumpf wa da ƙane ne, an haife su a Omegna ta Italiya a 1904 da 1906, uba ɗan Suwizalan, uwa Jeanne Becker 'yar Mulhouse. A 1935 suka kafa kamfanin cinikin ulu, a 1940 suka kama masaƙar Malmerspach, daga nan suka yi ta haɗiye wasu. Hans ne mai riƙe da lissafi, an san shi da matse hannu. Fritz shi ne mai son mota. A 1957 mahaifiyarsu ta rasu, a shekarar kuma suka sayi masaƙar HKD da ke Mulhouse. Daga farkon shekarun 1960 Fritz ya shiga sayen tsofaffin motoci kamar wanda ake kora. Da aka buga kundin sunayen masu Bugatti na duniya a 1962, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da wasiƙa yana tayawa. A 1963, da kamfanin Hispano-Suiza ya karɓe masana'antar Molsheim, Fritz ya kwashe motocin da suka rage a can, har da Coupé Napoléon, da tarin kayan gyara.

Shakespeare ma wasiƙar ta same shi. Wanda Fritz ya tura ya duba motocin ya aiko da rahoto mai kashe jiki: suna jibge a wani gini mai fasassun tagogi, rufi na yoyo, tsuntsaye sun yi sheƙa, kuma an daɗe ba a tayar da ko ɗaya ba. Ya ba da shawarar a haƙura. Fritz bai ji ba. Aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita a kan dala 85,000 duka 30 ɗin. A watan Maris na 1964 aka loda su a jirgin ƙasa zuwa New Orleans, daga can jirgin ruwa ya sauke su a Le Havre, manyan motoci suka ƙarasa da su Mulhouse. Haka limozin ɗin Foster ta dawo yankin da aka ƙera injinta, bayan shekara 31.

A cikin masaƙar HKD Fritz ya ware wani sashe ya mayar da shi garejin sirri. Ya ɗauki ma'aikata har kusan 40: kanikawa, masu bugun bodi, kafintoci, masu fenti, da dukawa masu ɗinkin kujeru, kowa da alkawarin ba zai faɗi abin da yake gani ba. Aikinsu ba irin na garejin bakin titi ba ne. Motocin wancan zamani ƙashin bodinsu na katako ne, a kansa ake lulluɓa ƙarfe ko alminiyam. In mota ta zo, sai a kwance ta har ƙusa ta ƙarshe. Kafinta ya bi katakon da ruwa ya ci ya sassaƙa sabo daidai da tsohon. Mai bugun bodi ya ɗora falle a kan kututture ya yi ta bi da guduma har ya fito da lanƙwasar da babu injin da ke buga irinta. Kayan da babu a kasuwa a ƙera shi daga zanen asali. Fenti shafi ne a kan shafi, kowanne sai ya bushe an goge da hannu. Mota ɗaya takan ci watanni, wata shekaru. Har sabuwar Royale suka fara haɗawa da ragowar kayan Molsheim, kwaikwayon ta Esders mai buɗaɗɗen sama, wadda sai a 1990 aka kammala ta. Ko me za a ce game da maigidansu, waɗannan mutane sun yi aikin da ya cancanci a tsaya a yaba.

Zauren da aka tanadar wa motocin faɗinsa murabba'in mita 17,000 ne, an shimfiɗa tsakuwa, an ja hanyoyi da jan tayil, an kafa ɗaruruwan fitilun titi kwaikwayon na gadar Alexandre na 3 da ke Paris. An gina wuraren cin abinci, a bakin ƙofa kuma an yi wa marigayiya mahaifiyarsu wurin tunawa. Komai ya kusa kammala, ba a buɗe wa kowa ba sai 'yan baƙin da Fritz ya ga dama.

A daidai wannan lokaci masaƙun Turai na mutuwa. Kaya masu araha na shigowa daga Asiya, injinan Schlumpf sun tsufa, kuɗin da ya kamata a sabunta su yana tsaye a kan taya a bayan katanga. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya ya san abin da rufe masaƙa ke yi wa gari. A 1976 'yan'uwan suka ce sun gaza, suka sa masana'antunsu a kasuwa a kan faran ɗaya tak, ba wanda ya taya. Ma'aikata kusan 2,000 suka ga abincinsu zai yanke. A ƙarshen Satumba suka kewaye gidan 'yan'uwan da ke Malmerspach kwana uku, sai da 'yan sanda suka fitar da su. Suka tsallaka Basel suka sauka a otal. An ba da sammacin kama su, amma Suwizalan ba ta miƙa 'yan ƙasarta.

Ranar 7 ga Maris 1977 wasu 'yan ƙungiyar ƙwadago ta CFDT suka kutsa cikin ginin HKD. Jita-jita ta daɗe tana yawo cewa akwai motoci a ciki, amma ba wanda ya kawo yawansu a ransa. Aka kunna fitilu, sai ga su sahu-sahu iya ganin ido, Bugatti kaɗai sun haura 120, ga Rolls-Royce, ga Mercedes, ga Hispano-Suiza, ga Royale biyu a tsakiya suna sheƙi. Mutanen da aka shekara ana ce musu babu kuɗin ƙarin albashi suka tsaya suna kallon inda kuɗin ya shiga.

A nan ne, a ganina, tarihin wannan limozin ya rataya a kan silin gashi. Mutane ne cikin fushi, an raba su da aiki, ga dukiyar wanda ya cuce su a gabansu, ba mai gadi. Wata tsohuwar Austin 7 da ba a gyara ba ita kaɗai aka banka wa wuta don huce haushi. Sauran ba a taɓa su ba. Ma'aikatan suka sa wa wurin suna Gidan Tarihin Ma'aikata, suka raba wa juna gadi dare da rana, suka buɗe ƙofa kowa ya shigo kyauta, mai niyya ya jefa abin da ya sawwaƙa a asusun tallafi in zai fita. A jikin wasu motocin suka rataya alluna masu faɗin albashin masaƙi na wata, don mai kallo ya yi lissafi da kansa. Shekara biyu suna riƙe da wurin, mutane fiye da 800,000 suka ziyarta. Sun san motocin ne kaɗai abin da ya rage da za a iya riƙewa a nemi haƙƙi, wannan gaskiya ne. Amma mai aikin hannu ya san aikin hannu in ya gan shi, kuma ina kyautata zaton wannan ma ya taimaka wajen hana ashana fita daga aljihu.

Zaman dirshan ɗin ne ya tilasta wa hukuma motsawa. A 1978 gwamnatin Faransa ta sanya tarin motocin cikin kayan tarihi na ƙasa, wanda ya haramta fitar da su waje a sayar. A 1979 ma'aikata suka miƙa makullai. A 1981 wata ƙungiya da ta haɗa birnin Mulhouse, da hukumomin yankin Alsace da na Haut-Rhin, da cibiyar 'yan kasuwa, da ƙungiyar masu motoci ta Faransa ta saye su duka a kan faran miliyan 44. Ranar 10 ga Yuli 1982 aka buɗe gidan tarihin ga jama'a. Fritz ya yi ta kukan cewa an yi masa ƙwace, an karya wa dukiyarsa farashi, kuma ta fuskar lissafi yana da abin faɗa. A 1987 aka yi gwanjon Royale ɗaya tak a Landan, ɗaya daga cikin biyun nan da aka taɓa haɗawa da firji, ta tashi a fam miliyan 5.5, wanda a canjin lokacin ya zarce abin da aka biya a kan motocin Mulhouse gaba ɗayansu. Sai dai mutumin da ya bar iyalai dubu biyu ba abinci ya tsallake iyaka, ba shi ne ya fi cancantar tausayi a wannan labari ba.

Limozin ɗin Foster ta sake ƙetare teku sau ɗaya a 1985, lokacin da aka tara Royale shida duka a baje kolin Pebble Beach da ke Kalifoniya, sannan ta dawo mazauninta. Shari'a kuwa ta ci gaba. A 1989 kotu ta umarci a ƙara sunan Schlumpf a sunan gidan tarihin, kuma yana nan har yau. Ban ƙi ba, domin shi ya tara motocin tun ana yi musu kallon tarkace. Da ni ake tambaya, da na ce a rubuta na masaƙan Mulhouse da Malmerspach kusa da nasa, da harufa masu girma ɗaya.

Hans ya rasu a 1989, Fritz a 1992. Akwai wasu motoci kimanin 60 da aka ajiye daban a Malmerspach, waɗanda garejin sirri bai kai ga gyara su ba. A 1999 kotu ta mayar wa matar Fritz, Arlette, da su. Bayan rasuwarta a 2008 da yawa daga cikinsu suka koma hannun Ba'amurke Peter Mullin, wanda ya baje wasu a gidan tarihinsa na Oxnard a Kalifoniya yadda ya same su, da tsatsarsu da yagaggun kujerunsu. An rufe wannan gidan tarihi a 2024, aka sayar da akasarin motocinsa a gwanjo.